Ja a Dama, Shuɗi a Hagu

Gaban mutum goma sha biyu Koci ya kori Mai Na'ura daga filin tsere, ya kuma haɗa masa da ƙofar gidansa. Auta tana tsaye a bakin layi da agogon awo rataye a wuya. Maganar uban nata ta sauka mata kamar garwashi a tafin hannu, ba damar yarwa, ba damar riƙewa.

Ga yadda abin ya faru, don kada a ɗora wa wani kayan da ba nasa ba.

Shekara talatin da ɗaya Koci ya yi yana koya wa matasa gudu, bai taɓa shiga fili da takarda ba. Kayan aikinsa uku ne: usur, da wata tsohuwar sanda mai tsage-tsage da yake auna taku da ita, sai kunnensa. A zamanin ƙarfinsa yakan juya wa fili baya, ya rufe ido, 'yan tsere su wuce a guje, ya riƙa kiran kowa daga ƙarar sawunsa. Har yakan ce, wane, ƙafarka tana ƙorafi, je ka huta kwana goma. In an bincika kuwa haka ne.

Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe. Shekararta ashirin da biyar, ita ke riƙe wa ƙungiyar agogo, ta rubuta lokacin kowa.

Mai Na'ura kuwa bara shugabannin ƙungiyar suka kawo shi, wani dogo siriri mai tabarau da ya karanci kimiyyar motsi da ƙarfi a jami'a. Ya zo da wasu 'yan na'urori, kowace ba ta fi kwalin ashana ba, ana ɗaura su a ƙwauri, mai jan maɗauri a dama, mai shuɗi a hagu. In ji shi, duk sanda ƙafa ta doki ƙasa, ƙasa ramawa take yi, kuma ramuwarta takan ninka nauyin mai gudun sau uku ko fiye. Na'urar tana jin kowace ramuwa, tana jin tsawon lokacin da ƙafa ta yi a ƙasa, ta aika wa kwamfutarsa, su fito a allo kamar haƙoran zarto.

Ranar farko Koci ya leƙa allon, ya ce tonon kaza a bola ya fi wannan tsari. Tun daga nan ya laƙaba masa bokan waya.

Sai dai abin ya yi aiki. Walƙiya, ɗan ƙanwar Koci, zakaran gudun mita ɗari huɗu, na'ura ta nuna yana jefa ƙafa gaba fiye da kima, kowane taku tamkar yana taka wa kansa birki. Aka gyara masa, cikin wata uku ya zaftare rabin sakan. Wanda bai san tsere ba zai ce mene ne rabin sakan. A wajen masu abin, shi ne bambancin wanda za a ɗauka a kafaɗa da wanda zai koma gida shi kaɗai.

Tsakanin agogo da kwamfuta kuwa, Auta tana karanto lokaci Mai Na'ura yana shigarwa, zuciya da ba ta da ƙashi ta yi aikinta. Wata huɗu ke nan da ya nemi izinin turo manyansa. Koci bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai "za mu gani". Goggo, uwar Walƙiya, ita ta riga ta gama gani: tun Auta na goye take cewa matar ɗanta ce.

Saura kwana shida a yi gasar ranar Asabar ta zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa, Mai Na'ura ya roƙi Koci su keɓe. Koci ya ce shi ba ya ƙus-ƙus a filinsa, ya faɗa kowa ya ji. Ya faɗa. Ya ce sati biyu ke nan ƙafar Walƙiya ta dama tana satar jiki, tana taka ƙasa a tsorace, ta bar wa 'yar'uwarta nauyi. Haka mai ɓoye ciwo yake gudu. Yana jin tsoron ƙashin ƙwaurin ya fara tsagewa, in aka sa shi a gasa yana iya ɓallewa a tsakiyar fili.

Koci ya durƙusa, ya danna ƙwaurin dama tun daga gwiwa har idon sawu. Walƙiya ko gezau. Koci ya ce ya yi tsalle ashirin a kan ƙafar daman ita kaɗai. Ya yi talatin yana dariya.

"Kawu," in ji Walƙiya, yana kallon Auta ta gefen ido, "ciwon nan ba a ƙafata yake ba. A zuciyar wani yake."

Fili ya ɗauki dariya. Koci bai yi ba. Ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya nuna ƙofa da sandarsa.

"Na ɗauka ilimi ka zo da shi, ashe kishi ka zuba a kwali. Wanda zai karya ɗan mutane da baki don ya sami mata, ba shi da wuri a filina, ba shi da wuri a gidana. Kwashe wayoyinka."

Ya kwashe. Maɗauri ɗaya ya faɗi, Auta ba ta iya ko sunkuyawa ta miƙa masa ba.

*

Washegari da la'asar Goggo ta dira a gidan, mayafi a hannu. Tun daga ƙofa take kuka. Ta zauna a tsakiyar falo ta jero: yadda ta riƙe maraya ita kaɗai, yadda ta riƙa wanke masa takalmin gudu har fatar hannunta ta saɓule, ga shi Allah ya kawo ranarsa, baƙo ya zo zai yi masa baki. Ta ce naka sai naka. Ta ce da tun farko an bi maganarta an haɗa yaran nan, da wani mai gilashi bai sami ƙofa ba.

Inna, uwar Auta, tana gefe tana ninke wanki, riga ɗaya ta ninke ta sau uku.

Auta ta durƙusa gaban ubanta. Ta yi niyyar magana da dakiya, hawaye suka riga ta.

"Baba, shekara guda kuna aiki tare. Ko sau ɗaya ka taɓa kama shi da ƙarya?"

"Jiya."

"Na'ura tana iya kuskure. Amma shi ba mugu ba ne, Baba, wallahi ba mugu ba ne. Shi ya gyara wa Yaya Walƙiya taku. Mai son karya mutum ba ya fara ƙara masa gudu."

"To zaɓi ɗaya. Ko na'urarsa ce maƙaryaciya, ko shi. Duk wanda kika zaɓa, ba mijin aure a ciki."

Goggo ta ce a gaya mata dai. Koci ya ɗaga mata hannu ita ma, ya ce shi bai taɓa yi wa 'ya'yansa dole ba, ba kuma zai fara a kan auta ba. Ba lallai ne ta auri ɗan Goggonta ba. Amma bakinsa ba zai ba da ita ga wanda ya yi wa jininsa ƙage ba.

"In kuma ba ƙage ba ne fa?" in ji Auta.

Koci ya dube ta.

"Ranar da idona ya ga ciwo a ƙafar yaron nan, ni da bakina zan ce bokanki ya turo manyansa. Kafin nan, kada in ƙara jin zancensa a gidan nan."

Ta fita ta zauna a ƙasa a lungun da ke kallon ƙofar shigowa, ta haɗa kai da gwiwa. Masu iya magana suka ce ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda kuka ya zaunar a ƙasa yakan ga abin da na tsaye bai gani ba.

Walƙiya ya zo ɗaukar uwarsa. Bai lura da ita ba. Ya tsaya a bakin ƙofa a kan ƙafar dama kamar zalɓe, ya zare takalmin hagu, ko bango bai taɓa ba. Sannan ya ɗaga ta dama don ya zare ɗayan. Nauyinsa na sauka kan hagu, fuskarsa ta yamutse, hannunsa ya cafki ƙyaure. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Sai ya zauna a dakali, ya cire takalmin a zaune.

Auta ta daina kuka tsak. Tun suna yara take ganin Yayan nan yana cire takalmi, bai taɓa zama ba. Shi ne ma mai yi wa mutane dariya, wai zama don cire takalmi aikin tsofaffi ne.

Zuciyarta ta shiga bugawa kamar mai jiran usur.

*

Da safe, bayan Koci ya fita, Inna ta kira ta. Ba ta dube ta ba ta ce ta je ta karɓo mata ɗinkinta wajen tela, kuma tela ba shi da sauri, kada ta matsa masa. Auta ta rungume ta. Inna ta ture ta, ta ce ita ba ta ce komai ba.

Ba wajen tela ta nufa ba. Ɗakin aikin Mai Na'ura yana bayan makarantar koyon wasanni. Ƙofa a buɗe, abokin aikinsa na can ƙurya yana gyaran wata waya. Ga injin da ake gudu a kansa ba a zuwa ko'ina, ga ƙwarangwal ɗin ƙafa na roba rataye a ƙusa, ga 'yan na'urorin jere a tebur, ja da shuɗi. Mai Na'ura yana tsaye a kan kujera, yana sako su ɗaya bayan ɗaya daga tsayi guda su faɗa kan katifa, yana duba allo. Kwana biyu yana wannan, yana neman wadda ta yi masa ƙarya, bai samu ba.

Da ya gan ta saura kaɗan ya biyo na'urar.

"Sauko, Injiniya, kafin mu sami karayar da ba ta buƙatar awo," ta ce, tana haki. "Ba dama ba ce. Hagu ce."

Ta ba shi labarin takalmi a gurguje, har tana kwaikwayon tsayuwar zalɓen. Ya girgiza kai, ya ce ba zai yiwu ba, ja ce ta nuna, ja kuwa ta dama ce.

"Wa ke ɗaura wa Yaya nasa?"

"Shi da kansa. Kowa ma haka."

"Yaushe ya fara sa doguwar safar nan da ke kaiwa gwiwa?"

Ya ƙirga da yatsu. Sati biyu. Daidai lokacin da zanen ya sauya.

Ya faɗa kan kwamfuta kamar mayunwaci. Auta ta ce ai ba za su iya tabbatarwa ba tunda safa ta rufe komai. Ya ce safa tana rufe wa ido, ba ta rufe wa kwanar fili. Ya jawo takarda ya zana mata fili. Duk mai tsere hagunsa ce ke cikin kwana, jiki yakan karkata ciki don kada gudu ya watsa shi waje, saboda haka ƙafar ciki takan ɗan ƙara jimawa a ƙasa fiye da ta waje. Ba wanda zai iya hana wannan, ko shi waye.

Ya buɗe na mutum na farko. A kwana, shuɗi ke jimawa. Na biyu, shuɗi. Na uku, shuɗi. Auta tana ƙirgawa da ƙarfi, ta manta akwai mutum a ɗakin. Goma sha ɗaya, duka shuɗi.

Ya buɗe na Walƙiya na watan jiya. Shuɗi.

Ya buɗe na wannan satin. Ja.

Abokin aikin ya ajiye wayarsa ya matso. Auta ta tafa hannu, ta yi juyi ɗaya a tsakiyar ɗaki kafin kunya ta kamo ta. Ashe Yaya ya san na'ura za ta tona shi, shi ne ya musanya maɗauran ya rufe da safa, don in an zo dubawa a duba lafiyayyar ƙafa. Dabara ce mai kyau, amma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Sai ta ga shi bai yi murna ba. Ya cire tabarau yana gogewa.

"Auta, in na koma da wannan, za a ce kishi ne karo na biyu. Baba ba zai kalli allona ba."

Wani tunani ya zo mata, irin wanda Shaiɗan kan kawo wa mai gaskiya in an zalunce shi, ta kuwa faɗe shi don ta ji abin da zai ce. Saura kwana huɗu. In suka yi shiru, ƙafar za ta yi magana da kanta gaban dubban mutane, ba mai sake kiransa maƙaryaci.

Ya mayar da tabarau, ya dube ta sosai.

"Ba na son gaskiyata ta fito ta cikin ƙashin ɗan Goggonki. Gara in rasa aikin. Gara ma..." Ya kasa ƙarasawa.

"Kada ka ƙarasa," ta ce. Idonta ya cika, amma bakinta murmushi yake. "Wannan amsar nake nema. Sauran aikin nawa ne."

Ya ce Baba ba zai yarda ba sai ya gani da kayan aikinsa. Ta ce ta sani. Ta kuma san wanne ne a cikin kayan ya lalace.

*

Koci kullum shi ke fara isa fili, ya zagaya yana tsince duwatsu daga kan layi. Washegari da sassafe Auta ta bi shi. Ta tsaya taku biyar ta hagunsa ta kira shi. Bai juyo ba. Ta ƙara. Yana nan sunkuye. Ta zagayo ta dama ta ce, "Baba," a hankali, ya ɗago.

"Sau biyu na kira ka ta can."

Ya ce hankalinsa na kan duwatsu.

"Shekara biyu ke nan nake tsayawa ta damanka in karanto maka lokaci. Ka ɗauka sa'a ce? Rabonka da ka juya wa fili baya ka rufe ido tun kafin a kawo Mai Na'ura. Ban gaya wa kowa ba, ko Inna."

Fuskar tsohon ta yi duhu. Ta ɗauka zai daka mata tsawa. Sai ya zauna a kan benci, ya ɗora sanda a cinya, ya ƙura wa layukan fili ido.

"Ke kika ce a kawo shi ya maye gurbina?"

"Ba wanda zai maye gurbinka, Baba." Ta durƙusa, hawaye na zuba. "Shi kansa cewa yake na'urarsa kunnenka take kwaikwayo, kuma har yau ba ta kai shi ba. Da kunnen nan na nan, da tun taku na farko ka ji Yaya. Ba za a kai ga waya ba."

Ta gaya masa zancen takalmi, da safa, da kwana. Ya saurara bai katse ta ba. Da ta gama ya ce duk wannan zance ne, shi alkawarin ido ya yi.

"To a yi yashi," ta ce.

Ya juyo da sauri. Yashi tsohuwar hanyarsa ce, tun tana 'yar ƙarama yake gwada sababbin shiga da ita. A jiƙa doguwar shimfiɗar yashin da ke gefen fili, a bi ta da manjagara ta yi sumul, mutum ya bi ta kai a guje, sawunsa ya faɗi abin da bakinsa ya ɓoye.

Koci ya daɗe yana murza sandar.

"Idan yashi ya ƙaryata ki fa?"

"Ba za ka ƙara jin zancensa a bakina ba har abada."

"Ɗauko bokiti," ya ce.

*

Don kada Walƙiya ya farga, Koci ya ce yau kowa zai bi yashi, a tuna da. Matasa suka ɗauki abin wasa, ana ihu ana tsokanar juna. Mutum ya wuce, Koci ya duba, a share. Can bayan shingen waya, wajen fili, Auta ta hango wani dogo mai tabarau ya riƙe ƙarfe da hannu biyu. An kore shi daga ciki, ba a kore shi daga titi ba.

Walƙiya ne na bakwai. Ya ja doguwar safarsa, ya ƙifta wa Auta ido, ya ce ta riƙe agogon da kyau kada ya gudu ya bar shi. Usur ya tashi. Ta danna.

Gudu dai Allah ya ba yaron nan. Ya wuce kamar an harba shi, yashi na tashi a bayansa, abokansa na tafi.

Koci ya hana a kawo manjagara. Ya durƙusa a sawun farko, ya tsoma sanda. Na dama ya haɗiye tsaga biyu cif. Ya matsa na hagu. Tsaga ɗaya da ɗan ɗoriya. Ya ja gwiwa zuwa na gaba. Biyu. Ɗaya da ɗoriya. Ya kwantar da sandar ya auna tsakanin sawu da sawu: duk takun da hagu ta tura, ya gaza da faɗin tafin hannu.

Haka ya bi su da rarrafe har ƙarshe, tsoho mai furfura, wandonsa jiƙe da yashi.

Ya miƙe da ƙyar.

"Zo nan, ɗan ƙanwata. Tsalle ashirin."

Walƙiya ya yi murmushi, ya ɗage hagu zai tsaya a dama.

"Ba wannan ba. Waccan."

Murmushin ya bushe. Ya ce Kawu ai an riga an gwada. Koci ya ce an gwada wadda ya miƙo, yau za a gwada wadda ya ɓoye, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya yi ɗaya. Ya yi biyu, gumi ya keto masa. A na uku ƙafar ta ƙi, ya zube a yashi ya riƙe ƙwauri da hannu biyu. Koci ya zare safar, ya ɗora babban yatsa a wani wuri ƙasa da tsakiyar ƙwauri, bai ko danna sosai ba, ƙaton saurayi ya saki ƙara.

Sai kuka. Ya ce shekara huɗu yake jiran wannan Asabar. Ya ce ya san in Kawu ya sani zai cire shi, shi ya sa ya musanya maɗauran, ya ɗauka in ya daure sati uku shi ke nan. Da ya ga an kori bawan Allah saboda shi ya so ya faɗa, kunya da tsoro suka riƙe masa harshe.

"Ka yi wa na'ura wayo, ka yi wa kawunka wayo," in ji Koci. "Ƙashinka fa, shi ma wayon za ka yi masa? In kunne ya ji, jiki ya tsira. Kai naka kunnen lafiya lau, ka ƙi ji."

Ya juya wajen shinge, ya sa usur a baki, ya busa dogo guda, irin wanda yake kiran ɗan tseren da ya yi nisa.

Mai Na'ura ya shigo da gudu. Duk filin ba wanda ya taɓa ganin gudu mai muni irin wannan, gwiwa na karo da gwiwa, tabarau a hannu. Har Walƙiya da ke kuka sai da ya yi dariya.

Mai Na'ura bai tsaya jiran ban haƙuri ba. Ya durƙusa gefen wanda ya yi masa ƙage, ya ce kada ya taka ƙafar, a tafi asibiti yanzu. Ya ce in tsaga ce kawai, yawanci wata biyu ƙashi ya haɗe. Kafin nan zai yi atisaye a ruwa da kan keke don numfashinsa kada ya zube, kuma ranar da ja da shuɗi suka zo daidai a allo, ranar zai koma fili, ba kafin nan ba. Ya sa kafaɗa, Walƙiya ya rataya a jikinsa, suka nufi mota.

*

Da azahar likitan ƙashi ya fito da hoto ya ɗaga shi a haske. Tsaga ce siririya kamar gashi, a ƙwaurin hagu, daidai inda yatsan Koci ya sauka. Ya ce da an kai Asabar da ƙafar nan, da wani zancen ake yi.

Su uku suka rage a barandar asibiti. Koci a benci, Mai Na'ura tsaye nesa kaɗan kamar mai jiran hukunci, Auta a tsakiya ba ta san inda za ta sa idonta ba.

"Bokan waya."

"Na'am, Baba."

"Zagayo ta damana. Wancan kunnen ya yi ritaya."

Ya zagayo ya durƙusa. Koci ya ce shi bai iya ba da haƙuri da yawa ba, sau ɗaya yake yi, kuma ga shi ya yi. Gaban mutum goma sha biyu ya kore shi, gobe gaban goma sha biyun zai mayar da shi. Sannan ya miƙa masa sandar, ya ce ya auna tsage-tsagen nan ya shigar da su cikin kwamfutarsa, don wata rana mai sandar ba ya nan.

Mai Na'ura ya karɓa da hannu biyu.

"Na yi alkawarin ido, ido kuwa ya gani. Ka gaya wa manyanka ina gida ranar Lahadi. Amma da sharaɗi: sai na koya maka gudu. Ba zan ba da 'yata ga mai gudu kamar raƙumin da ya taka ƙaya ba."

Auta ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ita kanta ba ta san dariya take ko kuka ba.

"Ke kuma," in ji uban, "tsayar da agogon nan. Tun safe yake gudu."

Ta duba ƙirjinta. Tun usur ɗin yashi ba ta danna ba. Awa shida da minti goma sha ɗaya. Ta danna, ta ce wannan lokacin ba za ta taɓa gogewa ba.

Koci ya miƙe, ya kaɗe busasshen yashin gwiwarsa, ya dube su su biyu, gefen bakinsa na motsi.

"Kada ku yi saurin murna. Ni kuka kayar, ni kuwa mai sauƙi ne. Har yanzu ba wanda ya gaya wa Goggonki ɗanta ba zai yi gudu ranar Asabar ba." Ya nuna Mai Na'ura da haɓa. "Tunda kai ne mai auna ƙarfin duka, kai za ka shiga gaba."